Ruwan Wardi: Magani Ne Ko Ƙamshi?

Kowace shekara akwai ranar da akan buɗe ƙofar Ɗakin Ka'aba a Makka domin a wanke cikinsa. Gwamnan Makka ko mataimakinsa shi ne yakan shugabanci aikin a madadin Sarkin Sa'udiyya, tare da masu riƙon mabuɗin Ɗakin, watau zuriyar Bani Shaiba, da waɗansu manyan baƙi daga ƙasashen Musulmi. Ruwan da akan yi wankin da shi ruwan Zamzam ne wanda aka gauraya da ruwan wardi, sa'an nan a bi bango da fararen ƙyallaye a goge, a shafe shi da turare. Wannan daraja kaɗai ta isa ta sa alhazan ƙasar nan da dama, in sun tashi sayen tsaraba, su haɗa da kwalba ɗaya ko biyu ta ruwan wardin Ɗa'ifa a cikin kayansu, kusa da dabino da tasbaha da kwalli.

To, amma a 'yan shekarun nan ruwan wardi ya wuce matsayin tsarabar aikin Haji. Ana samunsa a kantunan kayan kwalliya da rumfunan masu maganin gargajiya, tun daga Kasuwar Kurmi ta Kano har zuwa Agege a Ikko. Wani dogon kirari kuma ya biyo shi. Wai shansa yana wanke hanta da ƙoda, yana sauke hawan jini, yana rage sukari, yana narkar da teɓa, yana haska fata, har ma ya mai da tsohuwa yarinya. Kirari dai bai taɓa kashe kowa ba. Abin tsoro shi ne mai hawan jinin da zai ji wannan ya jingine ƙwayoyin da likita ya ɗora shi a kansu, ko kuwa uwargidan da za ta ɗauki kwalbar da aka haɗa domin shafawa a fuska ta tsiyaya wa iyalinta a ruwan sha. Saboda haka ya kamata a bi zancen tun daga tushe, a ga ko mene ne ruwan wardi, da abin da magabata suka faɗa a kansa, da kuma abin da gwaji ya tabbatar.

Harajin Bagadaza

Wardin da ake magana a kansa ba shi ne furen adon nan da akan dasa a harabar otal ko gidajen masu hali ba. Wani iri ne daban wanda ake kira wardin Dimashƙa, mutanen Iran kuwa suna ce masa furen Muhammadi. Launinsa tsakanin ja da fari ne, kowane fure yana da ganyaye kimanin 30, kuma a yawancin wuraren da ake nomansa sau ɗaya yake yin fure a shekara, na 'yan makonni kaɗan. Ya fi son tudu mai busasshiyar iska da sanyin dare. Shi ya sa gonakinsa suka taru a wurare kamar Kashan a Iran, da Ɗa'ifa a Sa'udiyya, da Isparta a Turkiyya, da Kazanlak a Bulgeriya, da kwarin Maguna a kudancin Maroko.

Farisawa suna kiran ruwan "gulab", watau "gul" fure, "ab" kuwa ruwa. Larabawa suna ce masa "ma'ul wardi". Sana'ar tatso shi tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar Farisa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya kawo a cikin Muƙaddimarsa jerin harajin da lardunan daular Abbasiyya suke kaiwa baitulmalin Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A cikin abin da lardin Farisa yake biya, bayan tulin dirhamomi, akwai kwalba 30,000 ta ruwan wardi kowace shekara. Birnin Jur, wanda yanzu ake kira Firuzabad, shi ne ya fi shahara da wannan sana'a, har yau kuma Larabawa suna kiran wannan fure "wardi juri" saboda shi.

Akan ji waɗansu suna cewa Ibn Sina ne ya ƙago ruwan wardi. Lissafi bai yarda da haka ba, gama an haifi Ibn Sina a shekarar 980, kusan shekara 150 ke nan bayan rasuwar Ma'amun. Kafin shi ma akwai littafin haɗa turare da tatsar tururi da ake dangantawa ga Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, mai ɗauke da hanyoyin haɗi fiye da 100. A Andalus kuma babban likita Azzahrawi ya bayyana yadda ake girka tukwanen tatsar. Marubuci Addimashƙi, wanda ya rasu a 1327, ya siffanta manyan murahun wannan sana'a a Mizza, kusa da Dimashƙa, daga inda ake kai ruwan har Hijaz da Indiya. Daga ƙasashen Musulmi ne ya shiga Turai, kuma kafin banila ta yaɗu a ƙarni na 19, da shi matan Ingila da Amurka suke ƙamsasa kek da sauran kayan zaƙi.

Yadda ake yinsa a Ƙamsar

Wanda yake so ya gane abin da ke cikin kwalbar, sai ya fara ganin yadda ake cika ta. Ƙamsar wani ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, kudu da Kashan, a lardin Isfahan. Daga watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni garin ba shi da wani aiki sai na wardi. Tun da asuba maza da mata da yara sukan fita gona da jakunkuna rataye a wuya, suna tsinkar furen da hannu ɗaya bayan ɗaya. Dalilin sammakon shi ne, da zarar rana ta ɗaga, man da ke cikin furen sai ya fara bin iska. Furen da aka tsinka da hantsi bai kai na asuba ƙarfi ba, wanda ya kwana a buhu kuwa sai ya ɗumame ya soma lalacewa. Don haka akan kai shi murhu a ranar.

Murhun kansa ba wani abin mamaki ba ne. Babbar tukunya ce ta jan ƙarfe da aka girka a kan ginin tubali. Akan zuba mata furen kimanin kilo 30 da ruwa kimanin lita 80, a rufe da murfi mai nauyi, a liƙe bakin yadda tururi ba zai sami mafita ba sai ta bututun da ya fito daga murfin. A da da kara ake yin bututun, yanzu kuwa na ƙarfe ne. Shi ne yake gangarawa zuwa cikin wani tulun jan ƙarfe wanda aka nutsar har wuya a cikin ruwan sanyi mai gudu. Sai a hura wuta a hankali, a bar ta sa'o'i da dama. Tururin yakan taso ɗauke da ƙamshin furen, ya bi bututu, ya tarar da sanyin tulu, ya koma ruwa. Abin da akan samu daga tukunya ɗaya bai cika wuce rabin ruwan da aka zuba ba, watau wajen lita 40. In an ɗauki wannan ruwa aka sake zuba shi a kan sabon fure aka tatsa, sai a sami wanda suke kira mai wuta biyu, wanda ya fi ƙarfi, ya fi tsada.

Idan tulun ya huce, akan ga wani ɗan maiƙo yana yawo a saman ruwan. Wannan shi ne man wardi, wanda masu turare suke nema ido rufe. Sai an tatsi fure tan 3 zuwa 4 kafin a tara kilo ɗaya nasa, shi ya sa yake cikin mayukan ƙamshi mafiya tsada a duniya. A manyan masana'antu inda man shi ne abin nema, akan tsame shi iyakar iyawa, ruwan da ya rage shi ne akan ɗura a kwalba a sayar. Ke nan ruwan wardi ma hawa-hawa ne.

Abin da hakimai suka faɗa

Likitocin Musulmi na dauri sun ɗauki wardi da muhimmanci. Ilminsu ya ginu ne a kan cewa kowane ciwo da kowane magani yana da ɗabi'a, ko zafi ko sanyi, ko danshi ko bushewa, ra'ayin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda har gobe yake raba cututtuka zuwa na zafi da na sanyi. A wurin Ibn Sina wardi ya karkata ga sanyi da bushewa, yana kuma da bauri mai ɗaure abin da ya saki. Ya ambace shi a cikin babban littafinsa Alƙanun, ya kuma sa shi a jerin magungunan zuciya a wani ɗan littafi da ya keɓe musu. Ibn Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Malaga wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1248, shi ma ya tattara maganganun magabata a kansa. A dunƙule, sun yi amfani da ruwan wardi wajen farfaɗo da wanda ya suma, da kwantar da faɗuwar gaba, da ciwon kai na zafin rana, da ƙarfafa ciki, da kurkure baki.

Akwai abu biyu da masu kirari suke tsallakewa in sun kafa hujja da waɗannan hakimai. Na farko, ba su taɓa mai da wardi maganin kowace cuta ba; sun faɗi inda yake amfani, sun kuma lura cewa ƙamshinsa yakan tayar wa waɗansu mutane da mura da atishawa. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, sun bambanta ruwan da aka tatsa da busasshen fure, da furen da aka jiƙa a zuma ko sukari, da man da aka dafa furen a ciki. Kowanne da aikinsa. Alal misali, wanda suke ba mai taurin bayan gida shi ne furen da aka cuɗa da sukari ko zuma, irin wanda har yanzu ake ci a Indiya da Pakistan da sunan gulkand.

Tun da yake waɗansu suna sayar da shi da sunan maganin Musulunci, ya dace a ƙara da cewa akwai maganganu da ake yaɗawa a kan falalar wardi ana jingina su ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ambaci hadisan falalar furanni, har da na wardi, a cikin waɗanda ya ce ƙarya ne. Darajar ruwan wardi a wurin Musulmi ta ƙamshi ce da tsabta da al'ada.

Abin da ke bin bututu

A nan ne zancen yake da gaɓa. Duk matar da ta taɓa ɗaga murfin tukunyar zoɓo a kan wuta ta ga ɗigon ruwan da ya taru a jikin murfin. Zoɓon ja ne wur, amma ɗigon fari ne tas, ba shi da tsamin zoɓon, sai ɗan ƙamshi. Haka na tukunyar miya: yana da ƙamshin daddawa, amma babu gishiri, babu jan manja. Dalili kuwa shi ne, tururi ba ya ɗaukar komai sai abin da zai iya tashi sama tare da shi. Abin da yake da nauyi a tukunya yake zama.

Furen wardi yana ɗauke da sinadarai masu amfani, babu musu. Akwai waɗanda suke ba shi launi, akwai masu sa bauri, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita, akwai kuma dangin waɗanda ake yabon ganyen shayi saboda su. Sai dai duk waɗannan ba sa bin tururi. A cikin dusar furen da ruwan da ya rage a gindin tukunya suke tsayawa. Abin da ke ƙetarawa zuwa tulu shi ne sinadaran ƙamshi kurum, waɗanda babbansu masana suke kira feniletanol, sai sitronelol da jeraniyol. Su ɗin ma, a yawancin ruwan wardin kasuwa, in an haɗa su duka ba su cika kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Saura duk ruwa ne. Wanda ya zuba ƙaramin cokali ɗaya, watau mililita 5, a kofin ruwa, abin da ya sha na wardi bai wuce miligiram 5 ba, galibi ma bai kai ba.

Daga nan za a gane inda maganar bitamin ta kwana. Sau da yawa akan ji cewa ruwan wardi cike yake da bitamin C. Bitamin C ba ya bin tururi, zafi ma lalata shi yake yi. Inda ruɗanin ya samo asali shi ne 'ya'yan da itacen wardi yake yi bayan fure ya kaɗe, musamman na jeji, waɗanda lalle suna da wannan bitamin da yawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da lemo ya yi wuyar shiga Ingila, daga shekarar 1941 aka riƙa tura 'yan makaranta da mata suna tsinko waɗannan 'ya'ya a bakin hanyoyi, ana dafa su ana yi wa ƙananan yara abin sha. Amma 'ya'yan daban, ruwan tururin fure daban. Mai neman bitamin C a ƙasar nan, gwaiba da lemo da kukar da ke bayan gidansa sun fi masa kwalba goma.

Abin da gwaji ya nuna

An yi bincike mai yawa a kan wardi, mafi yawansa a jami'o'in Iran. In aka duba shi da kyau, sai a ga kaso mafi tsoka an yi shi ne a kwalaben ɗakin gwaji ko a jikin ɓeraye, kuma da tataccen sinadarin furen mai ƙarfi. A irin wannan gwaji ne aka ga alamun rage sukarin jini da kashe waɗansu ƙwayoyin cuta. Tsakanin ɓeran da aka ɗura wa tataccen sinadari da mutumin da ya ɗiga cokali ɗaya a kofi, akwai tafiya mai nisa. Shi feniletanol ɗin, gaskiya ne yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har masu haɗa magunguna suna sa shi a cikin maganin ɗigawa a hanci domin kada ya lalace. Amma ƙarfin da suke sawa ya ninka na ruwan wardi, balle wanda aka sirka.

Gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, kuma ƙanana. Wanda aka fi ambata shi ne na Taiwan, wanda aka buga a shekarar 2005. An ɗauki 'yan mata 130 masu fama da ciwon mara lokacin al'ada, aka ba 70 shayin furen wardi, aka bar 60 ba a ba su ba, aka bi su har wata 6. Waɗanda suka sha shayin sun ce ciwon da damuwar sun ragu. Labari ne mai daɗi, sai dai shayin busasshen fure ne suka sha, wanda ke ɗauke da abubuwan nan da tururi ke bari a baya. Bugu da ƙari, kowace yarinya ta san ko tana sha ko ba ta sha, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa sa rai kaɗai yakan rage raɗaɗi.

Akwai kuma gwaje-gwaje a asibitocin Iran inda aka riƙa shaƙa wa majiyyata ƙamshin wardi, har da masu wankin ƙoda da masu ciwon zuciya, aka sami rahoton raguwar fargaba da samun barci. Ko da an karɓi wannan yadda yake, ta hanci amfanin ya shiga.

A shekarar 2014 kwamitin magungunan tsirrai na Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ya duba furen wardi. Abin da ya amince da shi, bisa hujjar daɗewar amfani, shi ne a jiƙa busasshen furen a ruwan zafi a kurkure baki da maƙogwaro in sun ɗan kumbura, ko a shafa a ƙaramin kumburin fata. Bai ambaci hawan jini ko ciwon sukari ko wankin hanta ba. Ya kuma ce ba a tabbatar da amincin amfani da shi a matsayin magani ga mai ciki da mai shayarwa ba.

Amfanin da ya rage

Kada mai karatu ya ɗauka ke nan aikin banza ne. Mutanen da suka shekara fiye da dubu suna shan abu ba wawaye ba ne. A Iran akan ɗiga shi a ruwan sanyi da shayi, a sa shi a faluda ta Shiraz da shinkafar zaƙi mai za'afaran da akan raba sadaka. A Turkiyya yana cikin alewar lukum da gullac na watan azumi, a Indiya kuwa yana cikin nonon lassi da gulab jamun. A duk waɗannan wurare kayan ƙamshin abinci ne, kamar yadda kanumfari da citta suke a kunu da fura.

Amfaninsa na farko da ba ya bukatar gardama shi ne yana sa ruwa ya yi daɗin sha. A watannin bazara, ko tsakanin buɗa-baki da sahur, wanda ruwa zalla yake gundura zai fi shan abin da jikinsa ke bukata in an ɗan ƙamsasa masa. Tsantsar ruwan wardi ba shi da sukari ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, watau kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga babban mutum. Kwalbar lemo ɗaya ta yau da kullum tana da kusan giram 35. Magidancin da ya maye gurbin lemon kwalba biyu a yini da ruwan sanyi mai ɗigon wardi ya yi wa jikinsa babban gata, ko da yake ladan na barin sukarin ne.

Sa'an nan akwai natsuwar da ƙamshi mai daɗi yake kawowa, da gyara warin baki na ɗan lokaci, da kuma taimaka wa majiyyacin da bakinsa ya yi ɗaci ya iya kurɓar wani abu. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda ke kwance. Sai dai natsuwar zuciya ba ita ce saukar hawan jini ba. Hawan jini ciwo ne da yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba, mutum yana jin kansa garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta gaza. Awo ne kaɗai yake faɗin gaskiyarsa, haka nan ciwon sukari.

Kama da wane ba ta wane

Haɗarin da ya fi kusa da gidajen jama'a yana cikin kwalbar kanta. Yawancin ruwan wardin da ke kantunan kayan kwalliya, wanda mata suke kwaɓa dilka da kurkur da shi wajen gyaran jiki, ba domin sha aka yi shi ba. Waɗansu ruwa ne kawai da aka ɗiga wa turaren kanti da launi. Waɗansu an haɗa su da gilisarin, ko barasar shafawa, ko sinadaran hana lalacewa da aka yarda da su a kan fata kaɗai. Sunan da ke jikin kwalbar ɗaya ne da na sha, hoton furen ma ɗaya. Abin da zai raba su shi ne karanta jerin abubuwan da ke ciki. Na sha bai kamata ya ƙunshi komai ba sai ruwa da wardi, kuma za a rubuta cewa na abinci ne. Ruwan wardin gaskiya fari ne kamar ruwan sha, yana da ɗan ɗaci a harshe. Wanda aka gani ja ko ruwan hoda, rini aka sa masa.

Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993, abar dubawa ce, amma a san cewa kayan shafa ma suna da tasu lambar, don haka ganinta bai mai da na shafawa na sha ba. A kan magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajista ma, akan buga gargaɗin cewa ba ta tantance kirarin warkarwar da ke jikinsu ba.

Akwai kuma jan sharba mai kauri, irin su Rooh Afza da aka fara haɗawa a Delhi a shekarar 1907, wanda ya zama abin buɗa-baki a Indiya da Pakistan. Yana da daɗi, amma mafi yawan abin da ke cikinsa sukari ne, mai ciwon sukari da ya sha shi da sunan ruwan wardi ya jawo wa kansa. Shi kuwa man wardi, ba abin sha ba ne sam. Ƙarfinsa ya ninka na ruwan sau ɗaruruwa, yana iya ƙona baki da ciki, kuma yana ɗauke da wani sinadari mai suna metil-yujinol, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a shekarar 2023 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Masu son su dafa nasu a gida kuma su guji furen da ake sayarwa domin ado a wurin biki, gama irin wannan akan yi masa feshin maganin ƙwari ba tare da tunanin wani zai ci ba.

Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa zalla likitoci sun hana a ba shi, balle mai ƙamshi. Ɗiga ruwan wardi a ido, wanda waɗansu suke yi domin jan ido, shi ma ganganci ne, saboda kwalbar kanti ba ta da tsabtar da maganin ido yake bukata. Wanda kuma ya sha ya ga borin jini ko ƙaiƙayin maƙogwaro ya taso masa, to, yana cikin mutanen nan da hakiman dauri suka ce wardi bai karɓe su ba.

Ga lafiyayyen babban mutum da ya sami na gaskiya, ƙaramin cokali ɗaya a babban kofin ruwa ko madara ya wadatar. In ya wuce haka sai abin shan ya yi ɗaci, ya koma kamar an sha sabulu. Tun da ba shi da wani ƙwaƙƙwaran abin da zai tsare shi, in an buɗe kwalbar sai a rufe ta sosai, a ajiye a firji ko a wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa. In aka ga ya yi gurɓi, ko wani abu kamar zare yana yawo a ciki, ko ƙamshin ya juya ya yi tsami, fumfuna ta kama shi, sai a zubar.